Amsa Ga Masu Cewa Mulki Sai Da Bindiga

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a bakin mutane, a zaure da bakin kasuwa har ma da ofisoshi, wai talaka ba ya jin magana sai ya ga bindiga, kuma wai ƙasar da ba ta da soja kamar gida ce marar ƙyaure, kowane ɓarawo ya ga dama ya shiga. Masu wannan magana ba duka ne jahilai ba. Cikinsu akwai waɗanda suka yi makaranta, suna karanta jarida, suna sauraron rediyo, amma duk sa'ad da aka ji labarin soja sun kifar da gwamnati a wata ƙasa, su ne kan fara kaɗa kai suna cewa, "Ai dama! Farar hula ba su iya ba." Na daɗe ina jin zafin wannan magana, domin ita ce ke sa mutane su yi tafi ranar da ya kamata su yi kuka. Yau na yi niyyar in amsa musu, kuma amsata labarin wata ƙasa ne wadda ta ke nan har yanzu, kowa ya so ya bincika.

Sunan ƙasar Kosta Rika. Tana cikin ɗan siririn yankin nan da ya haɗa Amurka ta Arewa da Amurka ta Kudu. Nikaragwa na arewa da ita, Panama na kudu maso gabas, teku kuma ya sa ta tsakiya gabas da yamma. Ba ta kai Jihar Borno faɗi ba, mutanenta kuwa sun ɗara miliyan 5 kaɗan. Harshensu Sifaniyanci ne, domin mutanen Sifen ne suka mallake su har 1821. Babban birninsu San Hose. An san su da noman gahawa da ayaba da abarba. Abin da ya sa na kawo zancenta shi ne, tun 1948 ba ta da rundunar soja, kuma tun 1949 babu wanda ya hau kujerar mulkinta sai ta hanyar ƙuri'a.

Kada mai karatu ya zaci mutanen nan waliyyai ne waɗanda ba su san rigima ba. Sun san ta ƙwarai. A 1917 ministan yaƙi, Federiko Tinoko, ya tumɓuke shugaban da ya naɗa shi, ya riƙe ƙasar da ƙarfi har 1919. Sa'an nan cikin Fabrairu 1948 aka yi zaɓe tsakanin Otiliyo Ulate, wani mai jarida, da Dakta Kalderon Gwardiya, wanda ya taɓa yin shugabanci daga 1940 zuwa 1944, kuma mutanensa ne ke riƙe da gwamnati. Da aka ƙidaya sai aka ce Ulate ya ci. To, a dokar wancan zamani Majalisar Dokoki ce ke da maganar ƙarshe a kan zaɓe, alhali kuwa mafi yawan wakilanta mutanen Kalderon ne. Ran 1 ga Maris suka zauna suka ce an yi maguɗi, suka soke zaɓen. Ba a yi mako biyu ba wani manomi mai suna Hose Figeres ya tara mutane ya ɗauki makami. Aka yi kwana 44 ana yaƙi, aka rasa rayuka wajen 2,000, Figeres ya ci nasara.

Nan ne na ke so masu kirarin bindiga su buɗe kunne. Ga mutum ya ci yaƙi, makamai na hannunsa, abokan gabansa sun gudu, ba wanda ya isa ya ce masa kanzil. Me ya yi? Ya yi alkawari zai riƙe ƙasa wata 18 kawai, ya ba Ulate abinsa. Ran 1 ga Disamba 1948 ya tafi barikin Belabista da ke San Hose, ya ɗauki guduma ya doki bangon barikin a gaban jama'a, ya ce daga ranar an sallami soja. Aka miƙa mabuɗan barikin ga ministan ilmi, aka mai da wurin gidan ajiye kayan tarihi, haka ya ke har yau. Aka zaɓi majalisa ta rubuta sabon tsarin mulki, aka gama shi ran 7 ga Nuwamba 1949, kashegari Figeres ya sauka ya miƙa wa Ulate mulki.

Ba na cewa Figeres ya yi haka don tsoron Allah kaɗai. Mutum ne mai wayo, ya san sojan da ya taimake ka hawa shi ne zai sauke ka. Shaida kuwa, cikin Afrilu 1949 ministansa na tsaro ya yi yunƙurin kifar da shi, bai dace ba. Har ila yau gwamnatin nan ta wata 18 tana da nata laifuffuka: ta kori abokan hamayya daga aiki, ta hana jam'iyyar 'yan gurguzu, kuma cikin Disamba 1948 an fitar da waɗansu fursunoni shida an kashe su ba shari'a. Ban ɓoye wannan ba, domin wanda ya ke neman a yarda da shi ba ya ɓoye rabin labari. Amma duk da haka abin da suka kafa ya tsaya, kuma shi ya kamata mu duba.

Mutane da yawa in sun ji labarin Kosta Rika sai su tsaya a kan gudumar nan, su ce shi ke nan, sallamar soja ce ta kawo zaman lafiya. Wannan ma ƙaramin sani ne. Masu rubuta tsarin mulkin 1949 sun tambayi kansu, me ya jawo yaƙin? Suka ga ashe abin da ya jawo shi, an bar masu takara su ne alƙalan takararsu. Mu da muka ci abinci da aikin akawu mun san wannan tun muna sababbi: ba a barin ma'aji ya binciki littafinsa da kansa, sai an kawo wani daga waje ya duba rasit ɗaya ɗaya, ko da ma'ajin nan limami ne. Ba a ba kura ajiyar nama. Saboda haka suka ƙwace maganar zaɓe daga hannun Majalisa da na Shugaban Ƙasa ɗungum, suka kafa Babbar Kotun Zaɓe.

Ga yadda wannan kotu ta ke. Alƙalanta uku ne, in zaɓe ya gabato a ƙara biyu su zama biyar. Shugaban Ƙasa ba shi da hannu wajen naɗa su. Alƙalan Kotun Ƙoli ne ke zaɓensu, kuma sai biyu bisa uku sun yarda, su yi shekara shida. Ita ce ke riƙe da rajistar haihuwa da mutuwa da aure, ita ke ba kowane baligi katin shaida, saboda haka ita ta san wanda ya isa jefa ƙuri'a da wanda ya riga mu gidan gaskiya. Ita ke kiran zaɓe, ita ke ƙidaya, ita ke faɗin wanda ya ci, kuma in ta yanke hukunci a kan zaɓe babu ɗaukaka ƙara. Bugu da ƙari, lokacin zaɓe tana da ikon ba 'yan sanda umarni, har akan yi biki a miƙa mata ragamarsu a bainar jama'a. Watau mai bindiga shi ke bin umarnin mai ƙidaya. A 1975 aka gyara tsarin mulki aka ba ta daraja daidai da ta Majalisa da ta Gwamnati da ta Kotun Ƙoli.

Sauran tsarin ma duk a kan wannan tunani aka gina shi, watau kada wani ya yi ƙarfin da zai gagara. Shugaban Ƙasa shekara huɗu ya ke yi, shi da mataimakansa biyu, kuma ba ya zarcewa. In yana marmarin komowa sai ya yi shekara takwas a gida tukuna. Ana zaɓe ran Lahadin farko ta Fabrairu. In ba wanda ya sami kashi 40 cikin ɗari, sai manyan biyu su sake karawa ran Lahadin farko ta Afrilu, a yi rantsuwa ran 8 ga Mayu. Majalisar Dokoki ɗaya ce, wakilanta 57, ana raba kujerun ga jam'iyyu gwargwadon ƙuri'un da kowace ta samu a larduna bakwai na ƙasar, kuma wakili ma ba ya zarcewa, sai ya huta zagaye guda. Alƙalan Kotun Ƙoli 22 ne, Majalisa ke zaɓensu shekara takwas, in wa'adin ya cika su ci gaba, sai fa in biyu bisa uku na wakilai sun ce a'a. Don kada a horar da alƙalai da yunwa, tsarin mulki ya yanka wa sashen shari'a aƙalla kashi 6 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnati. Akwai kuma babban mai binciken kuɗin gwamnati, wanda Majalisa ke naɗawa shekara takwas. A 1989 aka buɗe wani sashe cikin Kotun Ƙoli don kare haƙƙin mutane, inda talaka zai kai kuka da rubutun hannunsa, ba lauya, ba ko anini. Mata kuwa tsarin 1949 ne ya ba su ƙuri'a, haka kuma baƙaƙen fata na lardin Limon, jikokin leburorin da aka kawo daga Jamaika aikin hanyar jirgin ƙasa, a lokacin ne aka buɗe musu ƙofar zama cikakkun 'yan ƙasa.

To, wani zai ce, duk wannan takarda ce, kowace ƙasa tana da irinta a cikin akwati. Gaskiya ne, takarda ba ta hana komi in ba a bi ta ba. Saboda haka bari mu ga ko an bi. Figeres ya tsaya zaɓe a 1953 ya ci. A 1958 ɗan takarar jam'iyyarsa ya faɗi, ya miƙa mulki ga abokin hamayya, Mariyo Ecandi, ya koma gonarsa. Dakta Kalderon da aka kora da yaƙi ya komo gida, ya tsaya takara a 1962, ya faɗi, ya haƙura. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne na 1994: ɗan Kalderon ne ke kan mulki, ɗan Figeres ya ci zaɓe, ɗan wanda aka kora ya miƙa wa ɗan wanda ya yi korar, aka watse lafiya. A 2006 kuma tazarar da ke tsakanin Oskar Ariyas da Oton Solis ƙuri'a wajen 18,000 ce kawai. Aka yi makonni ana sake ƙidaya da hannu, mutane na ta harkokinsu, da Kotun Zaɓe ta faɗi sakamako wanda ya faɗi ya karɓa. Ku gaya mini, wace runduna ce za ta iya saya wa ƙasa irin wannan kwanciyar hankali?

Babbar hujjar abokan gardamata ita ce ta tsaro. Suna cewa, in maƙwabci ya kawo hari fa? An kawo. Cikin Disamba 1948, da kuma Janairu 1955, mutanen Kalderon sun shigo da makamai daga Nikaragwa da goyon bayan Somoza, mai mulkin can. 'Yan sanda da 'yan sa kai suka tare su, gwamnati ta kai ƙara ga Ƙungiyar Ƙasashen Amurka bisa yarjejeniyar taimakon juna da aka ƙulla a Riyo a 1947, aka sa baki, harin ya watse. A 2010 Nikaragwa ta sa sojanta a wani ɗan yanki na bakin kogin San Huwan. Kosta Rika ta kai ƙara Kotun Duniya da ke Heg, a 2015 kotu ta ce yankin nata ne, a 2018 ta sa Nikaragwa ta biya diyya. An ɗauki shekaru, amma babu uwar da ta binne ɗanta saboda wannan rigima.

Sai su ce, ai inuwar Amurka ce ta rufe ta. Ban musa ba cewa akwai ƙamshin gaskiya a nan, domin a 1955 Amurka ta sayar mata da jiragen yaƙi huɗu. Amma ai inuwar nan ta rufe maƙwabtanta ma, har ta fi rufe su, tun da sojojinsu Amurka ta sha ba horo da makamai. Me ya same su? A Gwatamala an kifar da zaɓaɓɓiyar gwamnati a 1954, aka yi yaƙin basasa daga 1960 zuwa 1996, mutum wajen 200,000 suka halaka ko suka ɓace. A Salbado daga 1980 zuwa 1992 an rasa wajen 75,000. A Nikaragwa gidan Somoza ya hau wuyan mutane da ƙarfin dakarunsa har 1979. A Honduras ko a 2009 soja sun ɗauke shugaban ƙasa daga gidansa da asuba, suka sa shi a jirgin sama, kuma a San Hose aka sauke shi. Waɗannan rundunoni, in ka duba tarihinsu, 'yan ƙasarsu suka fi kashewa, ba baƙi ba. Kuma da wutar yaƙi ta game yankin, shugaban ƙasar da ba ta da soja, Oskar Ariyas, shi ne ya kawo shirin sulhun da shugabanni biyar suka sa wa hannu a 1987, har aka ba shi kyautar Nobel ta zaman lafiya a shekarar. Panama ma, bayan ta sha wuya a hannun Janar Noriyega, ta rushe rundunarta a 1990, ta sa haka cikin tsarin mulkinta a 1994.

Akwai kuma zancen kuɗi, wanda ya fi shafar talaka. Tun 1869 dokar Kosta Rika ta ce karatun firamare tilas ne kuma kyauta. Asusun kula da lafiyar ma'aikata Dakta Kalderon ne ya kafa shi a 1941, waɗanda suka ci shi da yaƙi kuwa ba su rushe shi don ƙiyayya ba, faɗaɗa shi suka yi har ya game kusan kowa. Abin da waɗansu ke zubawa cikin igwa da tankar yaƙi, su malamin makaranta da malamin asibiti suka ba. Yau cikin baligai ɗari da ƙyar za ka sami uku da ba su iya karatu ba, kuma galibin mutane kan kai shekara 80 a duniya ko kusa da haka. Ku da kuka zauna ajin yaƙi da jahilci da furfurarku, kun fi kowa sanin darajar wannan. Wanda ya iya karanta takardar ƙuri'a da kansa, da wuya a dangwala masa yatsa inda bai so ba.

Kada a ce na mai da ƙasar Aljanna. Tana da ciwo, kuma ciwon ba ƙarami ba ne. Masu fataucin hodar iblis sun mai da tashoshin jiragen ruwanta hanya, har a 2023 aka kashe mutum fiye da 900, abin da ba a taɓa gani ba a can. Bashi ya yi wa gwamnati yawa, tazara tsakanin mai shi da marar shi ta buɗe. Mutane da yawa sun gaji da jam'iyyu, har a zagayen farko na zaɓen 2022 kusan kashi 40 cikin ɗari ba su fita ba, shugaban da aka zaɓa a shekarar kuma, Rodrigo Cabes, ya yi ta sa-in-sa da alƙalai da Majalisa da 'yan jarida. Cin hanci ma akwai shi. Amma ku dubi yadda aka yi da shi. A 2004 an tsare tsofaffin shugabanni biyu bisa zargin karɓar rashawa. Ɗayansu, Migel Anhel Rodriges, yana Babban Sakataren Ƙungiyar Ƙasashen Amurka a lokacin, ya ajiye aikin ya komo gida, aka kama shi a filin jirgin sama. Aka yi musu shari'a shekara da shekaru, aka sami ɗan Kalderon da laifi a 2009, shi kuwa Rodriges aka yanke masa hukuncin ɗauri a 2011, daga baya kotun ɗaukaka ƙara ta wanke shi. Masu cewa sai soja ne ke iya hukunta ɓarayin gwamnati, ga alƙali da alƙalami ya gurfanar da tsofaffin shugabanni, ba a rufe Majalisa ba, ba a hana jarida fita ba ko kwana ɗaya.

Me ya kai ni wannan dogon zance a kan ƙasar da yawancinmu ba za mu taɓa takawa ba? Domin mun ɗanɗana abin da suka ɗanɗana. Ran 15 ga Janairu 1966 muka wayi gari soja sun kashe Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa da Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello, shekara ɗaya da rabi bayan haka muna cikin yaƙin basasa. A 1993 an soke zaɓe a Nijeriya bayan mutane sun jefa ƙuri'a, kamar yadda aka yi a Kosta Rika a 1948. 'Yan'uwanmu na Nijar sun ga juyin mulki a 1974 da 1996 da 1999 da 2010 da 2023. Kowane karo akan ce an zo gyara ne, kowane karo akan sami masu tafi. In da bindiga na gyara mulki, da yanzu mun fi kowa gyaruwa.

Ban ce gobe mu sallami sojanmu ba. Ƙasashenmu manya ne, iyakokinmu dogaye, ga 'yan ta'adda da ɓarayin daji sun hana manomi zuwa gona, kuma 'ya'yanmu ne ke ba da ransu a fagen fama, Allah ya saka musu. Mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo. Tsarin mulkin Kosta Rika kansa ya yarda a tara runduna in tsaron ƙasa ya tilasta, da sharaɗin ta zauna ƙarƙashin farar hula, kada ta sa baki cikin siyasa. Abin da na ke cewa shi ne, aikin soja tsaron iyaka, kujerar mulki kuwa ta wanda jama'a suka zaɓa ce, ko muna sonsa ko ba mu so, har wa'adinsa ya cika mu sauke shi da yatsanmu. Kuma wannan ba ya yiwuwa sai mai ƙidayar ƙuri'a ya zama ba yaron kowa ba ne, ba mai mulki ya naɗa shi ba, ba kuma mai mulki ke iya korarsa ba. Wannan shi ne abin da ya kamata mu riƙa tambayar duk wanda ya zo neman ƙuri'armu: wa zai naɗa masu ƙidaya, wa zai biya su, wa zai binciki littafin baitulmali?

Saboda haka, ɗan'uwa, in ka sake jin wani a zaure yana cewa mulki sai da bindiga, kada ka yi faɗa da shi. Ka tambaye shi cikin ladabi ko ya taɓa jin labarin Kosta Rika. In ya ce bai ji ba, ka karanta masa wannan, tun da Allah ya sa yanzu ka iya. Allah ya ba mu shugabanni masu sauka in lokacinsu ya yi, ya ba mu talakawa masu sanin haƙƙinsu, ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, amin.